Jikar Dillaliya da Leshin Anko

Ban shiga sana'ar gwanjo don sha'awa ba, albashi ne ya tura ni. Ina aiki a wani ƙaramin ofis a cikin gari, ina zaune a Nyanya, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san rabin albashi a kuɗin mota yake tafiya, rabin rayuwa kuma a gosulo. Wata na kaiwa tsakiya sai in fara yi wa tukunya kallon tuhuma. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma har yau ban ga inda aka ba da haƙuri aka karɓo gas ba.

Wata Juma'a da aka tashe mu da wuri, na raka abokiyar aikina kasuwar Karmo, wai zan taya ta zaɓen labule. Labulen da ban gani ba ke nan. Muna shiga na iske wani Bakano ya yanke ɗaurin dilar gwanjo, kaya sun bazu a kan tabarma, mata sun yi masa caa. Wata ta ciro doguwar riga wadda ko a shagunan Wuse ba za ta ji kunya ba. Na tambayi kuɗinta, ya faɗa. Na sake tambaya, don na ɗauka kunnena ne. Ranar na koma gida da leda biyu, kuɗin cefanen mako kuma ya zama riguna.

Maigidan ya buɗe leda ɗaya, ya ja baya. Ya ce, "Wannan warin fa? Wa ya mutu?"

Na ce babu wanda ya mutu, arziki ne ya zo, kuma haka warinsa yake kafin a wanke shi.

Aikin gwanjo ba a kasuwa yake ba, a bayan gida yake. Sai na jiƙa kayan da ruwan zafi, in wanke, in ɗauraye, in shanya, in goge. Sannan in kifa kabbasa a kan kasko in turara su da turaren wuta, har rigar da ta fito daga ƙasar da ban san sunanta ba ta koma ƙamshin ɗakin amarya. Bango ɗaya ne fari a falonmu, a nan hoton aurenmu yake rataye. Na sauke shi na buga ƙusa na rataya hanga. Maigidan ya ce wato an sauke shi daga mulki saboda siket, na ce siket ɗin yana kawo kuɗi. Da safe, lokacin da haske ke shigowa ta taga, nake ɗaukar hoto in ɗora a sitatus.

Masu saye kuwa, Allah ya yi su iri-iri. Akwai mai tambayar kuɗin kowace riga tun daga ta farko har ta ƙarshe, sannan ta ce Allah ya ba da kasuwa. Akwai mai cewa a ajiye mata, gobe za ta turo, goben da har yau ba ta waye ba. Akwai 'yan gayun da ba sa iya furta kalmar gwanjo, sun raɗa masa sunan Turanci, kamar sunan ne zai hana a san wani ya taɓa sawa. Wadda na fi jin daɗin ciniki da ita ita ce matar mai gidan da muke haya, Bagwariya mai faɗin gaskiya. Ba ruwanta da waya, ƙofa take bugowa.

"Madam, wannan riga nawa ne shi last? Kar ka ba ni price na Maitama fa, ni da kai gida ɗaya ne."

In ta saya kuma, ranar Lahadi za ta sa ta tafi coci, duk wanda ya yaba ta ce masa gwanjo ne, ta kwatanta masa ƙofata. Da duk masu saye irinta ne, da ban taɓa sayen data don talla ba.

Da labarin ya kai Zariya, mahaifiyata dariya ta yi ta yi a waya. Ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kakata ta wajen uwa dillaliya ce, irin ta da, mai ƙullin kaya a ka. Matan kulle su ba ta zane ko ɗankunne ko kwano a asirce, ta zaga gidaje ta sayar, ta cire la'adarta ta kawo musu sauran. Muna yara muna jin kunyar a ce mana jikokin dillaliya, ita kuwa ko a jikinta. Dokokinta biyu ne. Ta farko, zanen cikin birni Tudun Wada ake kai shi, na Tudun Wada kuma Sabon Gari, don kada mai shi ta haɗu da shi a gidan biki. Ta biyu, ba a faɗin mai kaya ko da wuƙa a wuya. Takan ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A lokacin ina ganin dokokin ba su shafe ni ba, tunda masu kayana suna can bayan teku, ba za su biyo ni Nyanya ba.

Maƙwabciyata ce ta canza mini lissafi. Ƙofarta na kusa da tawa, bango ɗaya ya raba falonmu, kowa a gidan Maman 'Yan Biyu yake ce mata. Mace ce mai jiki da fara'a, mai son surutu kamar ni, shi ya sa tamu ta zo ɗaya. Wata rana da hantsi, bayan maza sun fita, ta shigo da jaka ta mayar da ƙofa ta rufe, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "'Yar'uwa, ki rufa mini asiri."

Ashe aikin mijinta ya tsaya tun watanni. Kullum da safe yana sa kaya ya fita kamar kowa, nema yake zuwa. Makarantar 'yan biyu ta fara aiko da saƙo. Shi ne ta tattaro kayanta masu kyau, atamfofi da shadda da wani leshi ruwan goro mai nauyi, ta ce in sayar mata. Mijin bai sani ba, za ta ce masa adashi ta ɗauka. In ya ji matarsa na sayar da suturarta don ta riƙe masa gida, ta ce ba zai ƙara iya haɗa ido da ita ba.

"Kuma don girman Allah," in ji ta, "kada Yaya Babba ta ji."

Yaya Babba ita ce yayar mijinta, Hajiya ce da ke Gwarinpa, mai babbar mota da babbar murya. In ta zo gidan har yaran maƙwabta nutsuwa suke yi. Ita ke yanke hukunci a danginsu, kuma tun farkon auren take cewa matar ƙanenta ba ta iya tattali ba. In magana ta kai kunnenta da safe, kafin azahar ta kai Katsina.

Na ce ta kwantar da hankalinta. Na goge kayan, na turara, na rataya a bangona, na ɗora. Ina da jerin mutanen da na toshe kada su ga sitatus ɗina, dangin mijina da ogana na ofis. Ban tuna cewa akwai lokacin da wayar maƙwabciyata ta lalace, Hajiya ta riƙa kiranta ta tawa, har muka ajiye lambar juna ba. Ita kuma Maman 'Yan Biyu ba ta ga dalilin gaya mini cewa leshin nan anko ne ba, tunda bikin ya daɗe da wucewa. Waya kuwa ba ta san Tudun Wada ba, ba ta san Sabon Gari ba, duk unguwa ɗaya ce a wurinta.

Ranar Asabar ina tsakiyar wanki aka yi sallama da muryar da ba a ɓata ta. Na leƙo na ga Hajiya a ƙofata, ba a ƙofar ƙanenta ba. Labulen maƙwabciyata ya motsa sau ɗaya ya tsaya cak.

Ta zauna, ta ƙi ruwa, ta buɗe wayarta ta juyo mini da hoton.

"Yarinya, wannan leshin daga ina?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Daga dila ya fito, Hajiya."

"Dila." Ta gyaɗa kai. "Ta Turai ko? Ikon Allah. Wato yanzu Turawa sun fara ɗinka buba da zane da ɗankwali, har da aikin telana a wuya."

Na ce au, na tuna, wannan nawa ne, na gaji da shi.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ni kuwa Allah bai ba ni jiki ba, iska mai ƙarfi ma sai na riƙe ƙarfe. Ta ce, "Ke da mijinki za ku shiga rigar nan, ku bar wa baƙo wuri. Kin ga, ni na zaɓi leshin nan da hannuna, ankon bikin 'yata ne. Na san duk wadda ta saya, na san wadda na ba kyauta." Ta ɗan kalli bangon da ya raba mu da maƙwabta. "Suna kawai nake so in ji daga bakinki."

Ta sani, na san ta sani, ita ma ta san na san ta sani. Amma zato daban, shaida daban. Muddin ba a furta ba, ba ta da abin ɗauka ta kai gaban dangi. Sai ta sauko da murya. Ta ce tana da ƙawaye a Gwarinpa da Maitama waɗanda ba sa taya kaya, in ta haɗa ni da su na daina hawa motar haya. Ba zan ɓoye ba, sai da na hango kaina a gidan gaba, gilashi a rufe. Da ta ga ban faɗi sunan ba sai ta koma wa ainihin muryarta. Ta ce ko na san ana kama masu sayar da kayan sata?

Nan ne raina ya ɓaci. Ina da haƙuri, amma gajere ne.

Na ce, "Hajiya, da girmanki. Leshi na sayarwa ne, in kina so ga shi nan a hanga. Sunan mai shi ba ya cikin kayan da nake sayarwa. Kakata dillaliya ce, ta tsufa a kan sana'ar, ta mutu da sunayen rabin matan birnin Zazzau a cikinta. Ba ni zan fara a zuri'armu ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Bazazzagiya ce ashe. Shi ya sa." Ta fita, ta tsaya a ƙofar ƙanenta ta yi gaisuwar tsaye, ta shiga motarta.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba Maman 'Yan Biyu ta faɗo ɗakina. Duk ta ji ta bango. Ta riƙe hannuna tana kuka tana cewa shi ke nan, za a kira taron dangi, za a ce ta sayar da kyauta, za a tone cewa mijinta ya kasa. Na sauke hoton daga sitatus, na naɗe leshin na tura ƙasan akwati. Kwanakin da suka biyo baya, duk lokacin da wayar mijinta ta yi ƙara sai in ji falonsu ya yi tsit. Ni ma tausayinta ya hana ni sakewa, har gishiri na manta a miya.

Ana cikin haka, wata rana ina ofis, sai ga kiran Hajiya. Ta ce in sauko, tana bakin titi. Na sauka ina karanto duk addu'ar da na iya. Ita kaɗai ce a motar, ba direba. Ta ce in shigo in rufe ƙofa. A kujerar baya akwai jakar gana-mas-go, cike, an ɗaure bakinta da tsohon ɗankwali.

Ta ce, "Ranar nan da kin faɗa, da na ji daɗi. Amma da ba ki ga jakar nan ba."

Ba ta dube ni ba, titi take kallo. Ta ce tun da mijinta Alhaji ya yi ritaya abubuwa suka tsaya, gida babba, buƙata babba, kuma kowa a dangi ita yake kawo wa kuka. Motar nan da nake gani, man da ke cikinta na komawa gida ne kawai. Ta daɗe tana neman wadda za ta ba kayanta, amma duk wadda ta tuna sai ta tuna bakinta.

"Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo," in ji ta. "Buɗe ki gani."

Na kwance. Shaddodi ne da lesuka waɗanda ban taɓa taɓa irinsu ba sai da ido. A sama, a ninke cikin leda, ga leshi ruwan goro.

Ta ce, "Wannan nawa ne. Ki kai shi nesa, inda ba mai ganinsa. Wancan kuma na wurinki, da ban san mai shi ba," muka haɗu muka kalli gilashi, "ki cire kuɗinsa a cikin nawa ki ba ta, leshin ki mayar mata. 'Yata ta kusa haihuwa, kuma mata sun ce ba za a fitar da sabon anko ba, na biki za a maimaita ranar suna. Ba na so a nuna matar ƙanena da baki. Ki san ƙaryar da za ki yi mata, amma don Allah ki nemo wadda ta fi ta dila."

Na ce, "To ke fa Hajiya? Me za ki sa?"

Ta yi 'yar dariya ta hanci. "Ni ba wanda zai zargi komai. An san halina."

Na sauko da jakar da ƙyar, na shige da ita ofis ina cewa labule ne. Daga ranar na koma makarantar Kaka. Kayan Hajiya ko ɗaya bai hau sitatus ba. Ina da wata mai saye a Jalingo, malamar asibiti, ita na tura wa hoton leshin ita kaɗai. Ta biya ba ciniki, na kai tashar Nyanya na ba direba. Sauran ma haka, na Abuja ya tafi Yola, ya tafi Lafiya, ya tafi Gusau. Har yau, duk matar da ta kawo mini kayanta, tambayata ta farko ita ce ko anko ne, ta biyu kuma ina danginta suke.

Maƙwabciyata kuwa na ce mata wata baiwar Allah ce ta biya kuɗin leshin, da aka kai mata ya yi mata yawa, ga shi tafiya ta kama ta, ta ce a mayar wa mai shi, kuɗin kuma ta yafe. Wannan karon ƙaryar ta zauna. Ta rungume leshin, ta ɗaga hannu sama.

"Allah ya rufa mata asiri duniya da lahira. Allah ya sa kada ta taɓa neman abu ta rasa."

Na ce amin, kuma ban taɓa faɗin amin da ta fito daga ƙasan zuciyata kamar wannan ba. Taron dangi bai zo ba. 'Yan biyu suka ci gaba da zuwa makaranta, mijin yana ta sa wa adashi albarka.

Ranar suna ta matsa sai na raka ta Gwarinpa. Gida ya cika da mata, ko'ina ka duba ruwan goro ne. Leshin da nake ba ku labari ba ruwan goro ba ne a gaskiya, launin ma na canza shi, kada wata ta je tana binciken hotunan biki. Maman 'Yan Biyu ta sha ɗauri, ta shige cikin dangi ana ta hoto da ita, ba wanda ya kalle ta sau biyu. Hajiya ce kaɗai ba ta cikin anko. Wata tsohuwar shadda fara ta sa, ta sha guga, tana zagawa tana ba masu rabon abinci umarni da muryar nan tata.

Muka samu gefe muka zauna da farantin waina. Hajiya ta biyo ta gabanmu, muka gaishe ta. Ta tsaya, ta kai hannu ta gyara wa matar ƙanenta ɗaurin ɗankwali, ta ce, "Leshin ya karɓe ki." Ni ko kallona ba ta yi ba, ta wuce.

Maƙwabciyata ta bari ta yi nisa, sannan ta matso kunnena.

"Kin ji ko? Har da baƙar magana. Ki dube ta don Allah, kowa ya maimaita anko ban da ita. Wato ta fi ƙarfin sa kaya sau biyu. Wallahi matar nan ba ta san babu ba, shi ya sa ba ta tausayin kowa. Ina ma ta ga irin matar da ta bar mini leshin nan, ta koyi hali."

Maganar ta taso mini har maƙogwaro. Ban taɓa jin ciwon riƙe baki irin na ranar ba, don su biyun duka ina ƙaunarsu, kuma kalma ɗaya ta isa. Na hango Hajiya can bakin ƙofa cikin farar shaddarta, tana yi wa mai ɗaukar hoto faɗa. Na gutsuri waina babba, wadda ta fi ƙarfin bakina, na cusa.

Ta zungure ni. "Kina ji na kuwa?"

Na gyaɗa kai, na nuna mata bakina a cike. Da na haɗiye, na ce ta miƙo mini yajin nan.